Tukunyar Walda a Ƙofar Asibiti

Jiya ina zaune a benci ina jiran a auna mini jini, na ji ɗayarku tana gaya wa 'yar'uwarta wai ita ɗakin turiri take so a tura ta, don can ake hutawa. Wai ka zuba magani a ɗan kofi, ka ɗaura wa mutum takunkumi, ka danna inji, ka koma kan wayarka. Ban tanka ba, don kada jinina ya hau a gaban ma'auni. Amma tunda yau kun biyo ni har gida gaisuwa, kun kuma cinye mini tuwo, sai ku gyara zama. Kallon kitse kuke yi wa rogo.

A wannan ɗan asibitin na Zongo da kuke koyon aiki na tsufa, kuma a wannan ɗakin da kuke rainawa aka sa mini suna Anti Nas, har wasu suka manta sunana Ramatu. Wadda ta koya mini aikin Sista Serwaa ce, wata 'yar Asante daga Kwadaso, gajeriya, ba ta dariya sai in albarkacin baƙo. Ranar da aka miƙa ni hannunta ba ta bar ni na taɓa inji ba. Ta zare cikin biro ta ba ni bututun, ta manna mini filasta a hanci, ta ce in sa bututun a baki in share farfajiyar asibiti ina numfashi ta cikinsa. Ban kai rabi ba na yar da tsintsiya, na tofar da biron, idona ya yi ja, ina haki kamar akuyar da kare ya biyo. Ta tsaya a kaina ta ce to haka mai asma yake shigowa, sai dai shi ba shi da biron da zai tofar. Daga ranar ban ƙara ce wa mai ciwon ƙirji ya kwantar da hankalinsa ina kallon wani wuri ba.

Injinmu na lokacin na ƙafa ne, irin famfon da ake hura tayar keke. Kina takawa magani yana zama turiri, kin gaji turiri ya tsaya. Cinyata ta dama har ta fi ta hagu kauri. Bayan an gama ni ce mai wanke takunkumi da bututu da kofin magani, in shanya su su bushe ƙarau, don in kin bar danshi a ciki ƙwayar cuta kike dafa wa na gaba. Ku yanzu sai ku goge da auduga ku rataye, kuna jin kun yi tsafta. Da Sista ta ga wannan, da ku da audugar za ta jefar waje.

Abin da ta fi matsa mini a kai shi ne kunne. Takan ce mai ƙirjin da ke fito kamar usur, wanda ya cika ɗaki da ƙara har danginsa suna kuka, wannan da sauran hanya a ƙirjinsa, iska tana wucewa shi ya sa take ƙara. Wanda za ki ji wa tsoro shi ne wanda ya zo shiru, kafaɗunsa a ɗage, ba ya iya ƙarasa kalma ɗaya, kin kafa abin sauraro ba ki ji komai ba. Sai ta dafa bayan mutum tana cewa da Twi, yarensu na Asante, "Home brɛoo," wato numfasa sannu sannu, tana yin numfashin tare da shi har nasa ya bi nata. Wannan ba a cikin inji yake ba.

Tukunyar oksijin kuwa, wadda kuke jingina da ita kuna hira, ita ma da ladabinta. Ana buɗe ta da makullinta a hankali, a dubi allurar agogon a san abin da ya rage, a ga ƙwallon da ke nuna gudun iska ya tsaya inda likita ya ce, a ga ruwan kwalbar da iskar ke ratsawa yana tafasar sanyi. Ba a taɓa bakinta da hannu mai maiƙo. Ba a shafa wa mai shaƙarta man kaɗe a hanci don wai ya bushe. Ba a kusantarta da wuta ko da ta sigari ce. Oksijin da mai da wuta in suka haɗu, ba a samun wanda zai ba da labari.

Masu ciwon kuma kowa da irin wautarsa. Na ga matar da aka ba inhela, ɗan gwangwanin nan da ake shaƙa, tana fesa shi a ƙirji ta kan riga kamar turare. Na ga kakar da ta ɓoye na jikanta a ƙarƙashin katifa, wai in yaro ya saba ba zai daina ba har mutuwa, sai ka ce numfashin ne mugun sabo. Na ga wanda ya kunna maganin sauro na hayaƙi, ya rufe taga da ƙofa, gari ya waye ya zo yana ce mini maƙwabta ne suka yi masa jifa. Amma duk cikinsu ba wanda ya kai Masta Yakubu.

Masta Yakubu mai feshin mota ne a Magazin, can Suame inda ake gyaran motoci. Ƙato ne, mai faɗin ƙirji, mai son a san shi ne. Aikinsa kuwa ba ƙarya, in ya fesa wa tsohuwar trotro, motar hayar nan, fenti sai ka rantse yau aka sauke ta daga jirgi. Matarsa Ayishetu, mai sayar da koko da ƙosai a bakin layinmu, ita ta fara jawo shi asibiti yana turjewa, ƙirjinsa yana fito tun daga ƙofa. Na ba shi turiri ya dawo hayyacinsa, likita ya rubuta masa inhela iri biyu, shuɗi da mai ruwan ƙasa. Na ce ya nuna mini yadda zai shaƙa. Ya wangale baki, ya fesa wa harshensa, ya haɗiye, ya dube ni yana jiran yabo. Na ce ba haka ba ne.

Ya ce, "Anti Nas, ni fa feshi ne sana'ata. Ni za ki koya wa feshi?"

Na ce, "Masta, in an ce ka yi fentin cikin mota, a waje kake tsayawa ka fesa wa gilashi?"

Ya yi dariya har ta zame masa tari. Sannan ya yarda na nuna masa: ya girgiza gwangwanin kamar yadda yake girgiza na fenti, ya fitar da numfashinsa tas, ya kama bakin da leɓɓansa, ya danna daidai lokacin da ya fara ja a hankali, ya riƙe numfashin kafin ya sake. Da ya natsu sai ya iya, don hannunsa hannun gwani ne. Na gaya masa shuɗin na buɗe ƙirji ne in ya rufe, mai ruwan ƙasan kuma safe da yamma ne ko lafiyarsa ƙalau, ya kurkure baki bayan ya shaƙa. Da ya dawo ya ce shuɗin magani ne, amma ɗayan na banza ne, ya shaƙa bai ji komai ba. Na ce ai shi ma yana shafa fentin ƙasa da ba wanda yake gani kafin ya fesa mai ƙyalli, in babu shi tsatsa ce za ta cinye motar daga ciki. Ya ce wallahi na yi gaskiya. Ya koma gida ya jefa shi a durowa.

Maganar rufe hanci a wurin aiki kuwa, ba irin roƙon da likita bai yi masa ba. Shi hankici yake ɗaurawa, in ya tashi daga aiki ya fasa madarar gwangwani ya shanye, wai tana wanke fenti daga ƙirji. Duk masu feshin Magazin haka suke. Na ce masa madara ciki take tafiya, fenti kuma huhu, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Ya ce mastansa da ya koya masa aiki haka ya yi har ya mutu. Na tambaye shi me ya kashe mastan. Ya ce tari.

Ana nan ƙaninsa da ke Amurka ya aiko masa da injin turiri na gida, fari tas, a cikin kwali mai hoton Baturiya tana murmushi. Ranar da ya iso har maƙwabta aka kira kallo. Ya soka a bango, injin ya yi ƙara ya fitar da hayaƙi, don wutar can ba irin tamu ba ce. Ya kai aka gyara, aka haɗa masa da abin rage ƙarfin wuta, ya dinga sayen maganin zubawa a kemis. Shi ke nan muka daina ganinsa. Ayishetu ce in na je sayen koko take gaya mini a ɓoye cewa yanzu safe turiri, dare turiri, wani lokacin har da rana, hannunsa yana karkarwa har fenti ya fara yi masa layi. Na ce ta gaya masa mai bukatar turiri kullum ciwonsa gaba yake yi, ya zo likita ya gan shi. Ta dawo da amsa tana jin kunyar faɗa. Wai a gaishe ni, shi yanzu asibitinsa yana ɗakinsa.

Sai shekarar dumso ta zo, lokacin da wuta ta koma baƙuwa, ta zo ta ɗauke, ta zo ta ɗauke, har aka sa wa abin suna. Kuna yara lokacin, abin da kuka sani shi ne ba a kallon talabijin. Mu kuwa a nan muka san maci tuwo, don miya ta ƙare. Kowane shago ya kafa janareta a bakin ƙofa, hayaƙi ya cika lunguna, masu asma suka yi ta zuwa, har waɗanda ba su taɓa sanin suna da ita ba. Janaretan asibitinmu ƙarami ne, ya fi kwanciya a wurin gyara a kan tashi. Masu cika tukunyar oksijin su ma da wuta suke aiki, sai mu aika da tukunya fanko mu yi ta jira. Na shiga sito neman tsohon injinmu na ƙafa, na tarar robarsa ta ruɓe, ɓera ya yi gida a ciki.

Likitanmu, wani dattijo mutumin Atonsu, shi ya zo da dabarar gora. A samu gorar ruwa ta roba, a gasa ƙusa a wuta, a huda gindinta daidai bakin inhela, a soka shi ya zauna cif. Sai a fesa maganin cikin gorar, mai ciwo ya ja ta baki, a sake girgizawa a sake fesawa. Wanda numfashinsa ya rikice ba ya iya haɗa dannawa da ja, amma gora tana riƙe masa maganin har ya ja. Ya ce in an yi daidai ba ta gaza inji da komai ba, kuma na gani da idona. Yatsuna duk sun sha ƙuna wajen huda gorori. Godiyar da muka samu ita ce, wai mutum ya zo asibiti an ba shi gorar da aka tsinto a kwata. Wata ma cewa ta yi a mayar mata da katinta, za ta je inda ake da inji.

Ranar da aka kawo Masta Yakubu, bayan azahar ne, zafi kamar a tanda, hadari ya haɗu ya ƙi zuba. Daga baya na ji yadda aka yi. Da safe an kawo wuta a Suame, shi kuma yana da bas ɗin da ta daɗe tana jiransa, sai ya rufe rumfa don kada ƙura ta ɓata fenti, ya yi ta feshi ba hutawa kafin a ɗauke. Ƙirjinsa ya rufe. Abokan aikinsa suka sa shi a bayan a-kori-kura, maimakon asibiti ya ce gida, wurin injinsa. A Zongo kuwa ba wuta. Aka lalubo shuɗin inhelar a aljihun tsohuwar riga, aka girgiza, fanko. Aka shiga bin maƙwabta neman mai janareta. Sai da Ayishetu ta yar da ludayin koko ta zo ta yi musu ihu sannan suka kawo shi.

Ko ƙofa bai shigo ba na san irin wanda aka kawo. Ba fito, ba tari. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, leɓɓansa sun yi toka toka, ya dube ni yana son ya ce Anti, kalmar ta tsaya a rabi. Muka zaunar da shi, na kafa masa gora na fara fesawa, likita ya nemi jijiya ya yi masa alluran da ake yi. Tukunyarmu kuwa allurar agogonta tana kwance, ɗan abin da ya rage wani jariri ya shaƙe shi da hantsi. Likita ya ce wannan ya fi ƙarfinmu, a tafi babban asibiti yanzu yanzu. Aka leƙa waje, ba mota. Abokansa sun ji an ce babu oksijin, sun ja motar sun tafi ba su tambayi kowa ba. Na tura mai gadi titi neman tasi, ina fesawa, ina kallon ƙofa.

Kafin a samu tasi suka dawo. Babbansu Masta Fuseini ne mai walda, amininsa tun suna yaran shago. Sun ɗauko tukunyar walda daga wani shago a Aboabo, doguwa, baƙa, da tiyonta, suna kiciniyar shigo da ita. Na miƙa wa Ayishetu gorar na tashi na tare ƙofa. Bakin tukunyar ya yi baƙi da giris. Tiyon yana warin ɗayan gas ɗin da suke haɗawa su yanka ƙarfe, wari kamar ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Ba ta da abin auna wa mutum iska, ƙarfin da take fitarwa na yanka ƙarfe ne. A bayana kuma, a baranda, kurfotin gawayi yana ci, muna tafasa almakashi da sauran ƙarafa tunda ba wuta, ga mata da jarirai a ɗakin kusa.

Fuseini ya ce, "Hajiya, iska iska ce. Ki matsa."

Na ce, "Ku sauke tukunya ku ɗauki mutum. Motar muke so."

Ya ce in amininsa ya mutu jininsa yana wuyana. Likita ya fito ya faɗa musu abin da na faɗa, da Twi da Turanci, suka ce shi ma bakinmu ɗaya. Mutane suka taru, kowa ya zama likita. Wani ya ce a ɗan buɗe kaɗan a nesa da hancinsa, wani ya ce an taɓa yi wa wani a Tamale ya tashi. Duk wannan surutun numfashin Masta ake ci. Ban matsa ba. Da suka ga haka suka jingine tukunyar a gindin bishiya suna zagi, muka ɗauko shi.

Ni da Ayishetu muka hau bayan motar da shi, ya jingina da ƙirjina a zaune, ita tana riƙe masa gora a baki, ni ina girgizawa ina fesawa. Fitilun kan hanya duk a mace, motoci sun cushe wajen Kejetia, kowa ya kutsa kai ba mai ba wani hanya. Gaskiya ɗaya zan faɗa a kan Fuseini: ya dira daga mota, ya dinga gudu a gabanmu yana dukan motoci da tafin hannu yana roƙo yana zagi, har takalminsa ya tsinke ya ci gaba ba takalmi. Shi ya buɗe mana hanyar. Mun kai shi da rai. Ma'aikatan babban asibitin suka karɓe shi da gudu, suka ba shi oksijin na gaske, suka zura masa bututu, suka yi duk abin da ake yi. Kafin a kira magariba Allah ya karɓi abinsa.

Washegari labari ya gama Zongo, kuma guda ɗaya ne: Anti Nas ta hana Masta Yakubu iska. Ba wanda ya ambaci rumfar da aka rufe, ko madarar gwangwani, ko maganin da ke kwance a durowa, ko injin Amurka, ko yawon neman janareta, ko motar da aka ɗauke lokacin da ake bukatarta. Duk waɗannan ba su da fuska, ni ce mai fuska, kuma an gan ni tsaye a ƙofa. Da na je gaisuwa matan da ke kan tabarma suka tattare zannuwansu. Na yi addu'ata na tashi, don ba a gardama da masu makoki. Mutanen Magazin suka daina zuwa wurinmu. Fuseini har yau in mun haɗu sai ya kau da kai, ni kuwa nakan gaishe shi da ƙarfi, har da tambayar iyali. In yau aka sake kawo tukunyar nan, a ƙofar za a same ni, da sandata.

Ayishetu ta shiga takaba, ban gan ta ba, ban kuma aika ba. Na ɗauka ita ma tana tare da jama'a, kuma da ta yi hakan ba zan ga laifinta ba. Bayan ta fita takaba da 'yan kwanaki, ina cikin ɗakin turiri ina huda gora, na ji sallama. Ita ce, riƙe da hannun 'yarsu Mariya, 'yar firamare, siririya, mai idon ubanta. Ta ce yarinyar tana tari da asuba, in ta yi gudu ƙirjinta yana ƙara, likita ya gan ta ya turo su wurina. Benci a cike yake da mata masu jiran awo. Sai wata daga can ƙarshe ta ce wa ta kusa da ita, da muryar da ake so a ji, ikon Allah, wadda ta kashe uban ita aka kawo wa 'yar.

Ayishetu ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ta dube ta, ta ce, "Ni ce matarsa. Ni na riƙe masa gorar har ƙofar asibiti. In akwai mai magana a kan wannan, ni ce, kuma ga inda na kawo 'yata."

Matar ta shiga gyaran ɗankwalin da bai kwance ba. Na jawo kujera, na ce wa Mariya ta zauna ta miƙe bayanta, na ce wa uwar ta matso kusa ita ma ta gani, muka fara.